Gemun Makokin Halvorn

Wani ne a garinmu, nan bakin teku, da ya karanta littafi ɗaya tak a rayuwarsa, ya hana mu sakat da shi. Littafin na dodanni ne da matsafa da takubba, wata gwaggonsa ta saya masa a kasuwar tsofaffin kaya tun yana saurayi. Jarumin ciki maƙeri ne, wai shi Halvorn. A shafin ƙarshe dodo mai aman wuta ya make shi da wutsiya, ya rufta cikin teku, labari ya tsaya.

Gogan naka ya yi kuka ya ƙoshi. Daga ranar ya rantse reza ba za ta ƙara taɓa haɓarsa ba, wai makoki yake. Shekaru suka yi ta tafiya, gemu ya sauko har cibiya. In zai sha miyar kifi sai ya cusa shi cikin riga. Ba abin da ya mallaka da yake ji da shi kamar gemun nan.

Duk Juma'a da yamma muna haɗuwa a teburinmu na mashayar Jost. Babu mai karatu a cikinmu in ka cire sakamakon ƙwallo, don haka abin da ya faɗa kan littafin shi ne. Ka ce masa yau akwai iska, sai ya shafa gemu ya ce, "Irin iskar da aka yi ke nan ranar da Halvorn ya tafi." Mun gaji da mutumin nan, gajiya ta gaske.

Ran nan sai ga Hartmut mai aski ya shigo yana washe baki.

"Maigemu, albishirinka! An yi fim ɗin littafinka. Na ga hoton a bangon sinima. Halvorn ɗinka har da furfura, ga kambin sarauta a ka."

"Furfura? Gawa ce ke furfura?"

"Oho. Ni dai na gan shi garau, kumatu sun ciko."

Mutumin ya daki tebur, giyar Jost ta fantsama. "'Yan fim! Jahilan banza! Su ɗauki littafi su shinshina bangonsa, su ce sun karanta. Mutumin da na binne da idona?"

Hartmut ya ce, "To in kai ne ba ka karanta da kyau ba fa, baba?"

"Ni? Ni da na haddace shi? Ku shaida! In aka nuna mini a littafi inda Halvorn ya rayu, ka aske gemun nan a tsakiyar kasuwa ranar Asabar."

Muka ƙwanƙwasa tebur gaba ɗaya, magana ta zauna. Hartmut ya daɗe yana kallon gemun nan yana haɗiyar yawu.

Lahadi da rana muka ɗunguma sinima. Gogan ya zo da littafinsa a hammata, ya zauna a layin gaba. Ba a yi nisa ba ya fara.

"Dokin baƙi ne a littafi! Wa ya ba shi fari?"

Aka ce, "Shhh!"

"Uwar maƙerin gurguwa ce! Ku dube ta tana gudu!"

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Bawan Allah, ko ka yi shiru ko in ɗaure maka baki da gemun."

Can tsakiyar fim dodo ya fito, ya kaɗa wutsiya, Halvorn ya yi sama ya faɗa teku. Sai mutumin ya miƙe tsaye, hawaye shaɓe-shaɓe. Ya tafa, ya sa kwat ɗinsa, ya juyo ya dubi jama'a.

"To, nan dai sun yi gaskiya. Ku tashi mu tafi, an gama."

Ba wanda ya motsa. A bayansa, kan allo, ga hannu ya fito daga ruwa ya kama dutse. Halvorn ya rarrafo bakin gaɓa yana tari.

"Ƙarya ne! Mayar da shi! Ku mayar da shi ruwa!"

"Zauna dalla, ka tare mana!"

Bai zauna ba. A tsaye ya kalli sauran. Halvorn ya warke, ya ce ƙarya. Halvorn ya kashe dodo, ya ce sharri. Da Halvorn ya yi aure kuwa, sai ya ɗaga littafin sama ya kwarma ihu, "Kun aurar da gawa! Ba ku da kunya!" Masu tsaron ƙofa biyu ne suka fitar da shi, ɗaya riƙe da kwat, ɗaya riƙe da littafi.

Duk makon ya bi gari yana zagin fim. Rabinsa na farko, in ji shi, da ɗan dama-dama. Rabi na biyu kuwa wasu mashaya ne suka zauna suka ƙirƙiro don su cika lokaci.

Asabar ta zo. Ya iso kasuwa da gemu a taje, ya sha mai, yana taku ɗai-ɗai don ya ga kunyar Hartmut. Ya tarar da shi tsakanin mai kifi da mai cuku, ya girka kujera, ga reza, ga kwanon kumfa. Kusa da shi Madam Wiebke ce mai kantin littattafai, riƙe da wani littafi.

Ta ce, "Malam, mu ga naka."

Ya miƙa mata da izza. Ta haɗa su gefe da gefe. Bango iri ɗaya, dodo iri ɗaya.

"Ka san halin masu buga littattafanmu," in ji ta. "In suka fassaro littafi mai kauri, sai su raba shi biyu, su sayar mana sau biyu. A asalinsa guda ne, shi 'yan fim suka bi. Rabi gwaggonka ta saya maka."

"Rabi? Wane irin rabi?"

"Ba ka ga lamba ɗaya a gadon bayansa ba?"

"Na gani mana. Ai na ɗaya ya zo."

Mai kifi ya yi dariya har ya zauna cikin ƙanƙara. Hartmut ya kama kafaɗar gogan ya dasa shi a kujera, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya.

"Karanta mana da ƙarfi, Maigemu, kafin sunan ya tashi."

Ya karɓi littafin Madam, ya buɗe shafin farko. "Da Halvorn ya buɗe ido, sai ya ji gishiri a bakinsa..." Ya tsallaka tsakiya, ga dodo a mace. Ya leƙa ƙarshe, ga biki, ga kambi. Hartmut ya fara shafa kumfa yana fito.

Sai mutumin ya ɗaga hannu. "Dakata! Madam, wa ya rubuta wannan?"

"Wanda ya rubuta naka mana. Ga sunansa nan."

Ya rufe littafin, ya ja dogon tsaki ta cikin kumfa.

"Tir! Shi ma daga gani fim ɗin ya kalla, bai karanta littafin ba."