Yadda Za Ka Kai Surukinka Kallon Tsuntsayen Turawa

Kai ɗalibin gwamnati mai zama a unguwar Catford ta Landan, wanda aka turo kwas ɗin shekara uku ga shi ya shiga ta bakwai, saurara. Surukinka Alhaji Maharazu ya sauka Landan da kuɗin kwangilar siminti, yana son sanin ranar da za ka mayar masa da 'yarsa Karimatu gida tare da takardar shaidar karatunka. Bi matakan nan, na lamunce maka ba zai samu sararin tambaya ba.

1. Fitar da shi daga flat
Mutum a zaune tunani yake yi. Ka ce ka yi booking na jirgin ƙasa zuwa wani tsohon gari a bakin teku.

2. Cika shi da tarihi
Duk katangar da ta rushe, ka ce ta shekara dubu. In ya ce, "Wannan kangon ba su da siminti ne?" ka yi dariyar masu ilimi ka ba shi amsa. Ranka ya daɗe, nan sai gida ya ruɓe yake daraja.

3. Kai shi fadama
Kada ka gaya masa akwai taɓo. Muddin yana fama da babbar riga da takalmin da ya saya jiya, ba zai tuna da jarrabawarka ba.

4. Nemi wurin da aka hana magana
Akwai rumfar katako da Turawa ke zama shiru da tabarau na hangen nesa, suna leƙen agwagwa. Cusa shi ciki. In ya raɗa maka, "Yaushe za a harba?" ka ce sai an jima.

5. Nisanta shi da Margaret
Ita ce tsohuwar da ke kula da wurin, kuma ba ta san sirri ba. Ni a nan na faɗi warwas da nawa Alhajin. Ta nuna wasu tsuntsaye ta ce duk shekara suna tafiya ƙasarmu. Alhaji ya daɗe yana kallonsu, sannan ya juyo gare ni.
"Duk shekara suke zuwa gida?"
"Haka ta ce, Baba."
"Gwamnati ba ta ba su tikiti?"
"A'a."
"To Karimatu ta haɗa kayanta."

Gargaɗi: Duk abin da ya biyo baya, babu ruwana. Mai ƙorafi ya same ni a Catford da rana, ina nan ni kaɗai ina koyon tuƙa tuwo.