Tukunya Mai Tonon Asiri

Bara bayan girbi, wani ne a Kiru matarsa Juwairiyya ta yi yaji, ta koma gidansu a Badafi. Laifinsa rowa. Mutum ne da in ya sayo nama sai ya zagayo ta bayan gari, kada a ga leda a hannunsa. A unguwarsu kuwa, in ƙamshin girkinka ya tsallaka katanga, to kwano ma sai ya tsallaka. Kwanon kowa yana shiga gidansa. Nasa bai taɓa fita ba.

Ya je biko. Surukinsa Malam Balarabe ya ce, "Ranar Juma'a bayan masallaci zan kawo ta da kaina. In ga abin da ake ci a gidan, in ji abin da maƙwabta ke faɗa a kanka. In babu sauyi, da ita zan dawo."

Mutumin ya shiga kasuwa. Ya sayi cinyar rago, yana biya yana salati. A rumfar tukwane mai kaya ya ɗago masa wata mai murfin kulle.

"Wannan firesha ce, maigida. Ka kulle ta, kafin ka idar da sallah nama ya yi luguf."

"Ƙamshin fa?"

"Ai a kulle take. Komai yana ciki."

"Komai?"

"Komai."

Ranar aka fara ganin ya sayi abu bai yi ciniki ba.

Juma'a da hantsi ya zuba naman a tukunya, da albasa da citta da kanumfari, ya kulle, ya ɗora a gas. Ya zauna yana murmushi. Jim kaɗan sai ɗan bututun da ke saman murfin ya ce fiiit! Tururi ya tashi, ya nufi gidan maƙwabcinsa Ɗanjuma kamar an aike shi.

Ɗanjuma ya ɗaga murya ta bayan katanga. "Maƙwabci, lafiya? Ƙwallo ake bugawa a gidanka?"

"A'a, ruwan wanka nake dafawa."

"Ruwan wanka da kanumfari? Kai, Allah ya ba mu irin jikinka."

Tukunya ta sake cewa fiiit!

Mutumin ya durƙusa gabanta, ya rage murya. "Na sayo ki ki rufa min asiri, kin zama mai shela?"

Ya samo ƙusa ya buga a bututun. Ya naɗe da tsumma. Ya ɗauko dutsen niƙa ya ɗora a kan murfin. Tukunya ta yi tsit. Ya shinshina gabas, ya shinshina yamma, babu komai. Ya ƙara wuta, ya kulle gida, ya tafi masallaci hankali kwance.

Da aka sauko, ya tarar da Malam Balarabe da Juwairiyya a ƙofar gida. Ya tsuguna yana gaisuwa.

"Baba, an zo lafiya? Ya hany…"

Daram!

Kaji suka watse. Awaki suka tsinke igiya. Dutsen niƙa ya huda rufin kwano, murfin ya bi bayansa ya nufi garin Ɗansoshiya, har yau ba a ji ya sauka ba. Sai aka fara ruwan nama a unguwar.

Da ƙura ta lafa, maƙwabta suka fito, kowa bakinsa na motsi. Wata tsohuwa ta ce, "Tsoka har bakin ɗakina! Ɗan nan, Allah ya ƙara buɗi."

Ɗanjuma ya gaida Malam Balarabe yana lasar yatsa. "Malam, surukin nan naka ya gyaru. A da kwanonsa ba ya fita. Yau ko kwanon bai jira ba." Ya juya ga mutumin. "Ruwan wankan ya yi gishiri daidai."

Mutumin ya buɗe baki zai ce kowa ya dawo da abin da ya tsinta. Ya ga idon surukinsa a kansa. Ya ce, "Ba komai, ai an zama ɗaya," da murya irin ta wanda ake cire wa haƙori.

Aka shiga gida. Romo ya yi wa bango fenti. Rana tana leƙowa ta rufin madafa. Abin da ya rage na cinyar rago ƙashi ne, shi ma a kan igiyar shanya.

Malam Balarabe ya daɗe yana kallon rufin. Sannan ya dubi 'yarsa. "To, Juwairiyya, kin ji shaidar maƙwabta. Za ki zauna?"

Ta ce, "Zan zauna, Baba, in zai sayo wata tukunyar. Tun da aka kawo ni gidan nan, ita kaɗai na ga ta yi wa mutane alheri."