Yadda Haladu Ya Zura Zare

Wani mutum ne ana ce masa Haladu, mai ɗinkin hula, a wani gari can wajen Gumel inda na taɓa yin damina guda. Sunan garin ya kwanta mini yanzu, amma ina tuna wata babbar tsamiya a bakin kasuwa, a gindinta rumfar Haladu take. Ko durumi ne? A'a, tsamiya ce.

Ɗinki kam ya iya, kada mu ci haƙƙinsa. Hularsa tana zama a kai daram. Bakinsa ne ba ya zama. Ka ce ka ga jirgin sama, sai ya ce shi ya ɗinka wa matuƙin hula. Ka ce an yi ruwa a Maigatari, sai ya ce shi ya faɗa tun shekaranjiya. Kusa da rumfarsa akwai ta Ilu baduku, abokinsa tun na wasan ƙasa, wanda ba shi da aikin da ya fi masa daɗi kamar ya ga Haladu ya hau sama ya janye masa tsani.

Haladu yana da yaya mace, Tasalla, dattijuwa mai kaifin hannu da kaifin harshe. Ta je wajen 'yarta a Kano ta yi wata biyu, ta dawo da wata sabuwar sana'a da ta koya a wajen maƙwabciyarsu. Da ulu take yin 'yan dabbobi ƙanana, abin wasan yara. Ba ulun saƙa ba, gashin tumaki ne na ƙasashen sanyi, an wanke an rina, yana nan sumul kamar shiɓar auduga. Za ka ga raƙumi bai fi babban yatsa ba, da tozonsa da rainin nan na fuskarsa. Ga bushiya, ga zomo, ga zabuwa da ɗigo-ɗigonta. Direbobi na ratayawa a madubin mota, mata na ɗaurawa a jikin makulli. Tasalla ba mai zaman kasuwa ba ce, sai ta riƙa ba ƙaninta yana rataya mata a rumfarsa.

Ranar farko rumfa ta cika maƙil. Wata mata ta ɗaga raƙumi tana jujjuyawa.

"Kai, masha Allah! Malam Haladu, wa yake yin wannan?"

Haladu ya buɗe baki zai ce Yaya. Na yi masa wannan shaidar, ya yi niyya. Amma bakin ya riga ya saba da hanyarsa. Sai ya baje yatsunsa goma a gaban matar.

"Wa kuwa zai yi? Su ne nan."

Ilu ya ɗago kai daga takalmin da yake ɗinkewa. "A ina kake samun gashin?"

"Ragona nake yi wa aski."

"Ragon nan naka da jikinsa kamar bayan ƙwarya?"

"Ai askin ne ya mai da shi haka."

"To koren gashin fa? Ko ragon ya cika cin ganye ne?"

"Ilu, ka tsaya a fatarka. Wannan ilimi ne mai zurfi."

Haka aka yi ta tafiya. Tasalla na gida tana aiki, Haladu na kasuwa yana karɓar yabo. Kafin wata ya zagayo, labarin ya yi 'ya'ya. Ya ce a mafarki aka koya masa. Wata rana kuma ya ce wani Balarabe ne ya koya masa a Agadas, alhali iyakar tafiyarsa a duniya Haɗeja ce, ita ma rakiyar amarya.

Ran nan sai ga Alhaji Maiwada, shugaban ƙungiyar masu sana'ar hannu na garin, ya tsaya a bakin rumfa. Ya ce za a yi baje kolin sana'o'i a Kaduna, an ba garinsu gurbin mutum ɗaya tak. Mota kyauta, masauki kyauta, har 'yan talabijin za su zo.

"Mun duba mun duba," in ji Alhaji, "ba mu ga abin da zai fitar da mu kunya kamar 'yan dabbobin nan naka ba. Kai za mu tura."

Haladu ya gyara zaman hula. "Alhaji, kun dai makara, amma ba komai."

"Sai dai da sharaɗi. A can a gaban jama'a ake aiki. Don haka ranar Laraba, ranar kasuwa, za mu zo ni da 'yan kwamiti ka yi mana guda ɗaya mu gani da idonmu, sannan mu rubuta sunanka."

"Laraba? Ai ta yi nisa."

Haka bakinsa ya faɗa. Ilu ya waiwayo ya dube shi.

Kafin la'asar duk garin ya san Haladu zai tafi Kaduna. Ya bi gida-gida yana sallama. Ya tambayi liman tsarabar da yake so. Ya kai shadda wajen tela aka yi masa babbar riga fara ƙal. Ya ce wa mai shayi ya dinga buɗe talabijin da wuri, kada ya wuce shi.

Da mai hankali ne, da sai ya je ya durƙusa gaban yayarsa ya ce, Yaya, na yi kwaɓa, ki fitar da ni. Amma Haladu ya koyi aikin allura a wajen mace? Shi da ko sau ɗaya bai taɓa tsayawa ya ga yadda take yi ba. In ya je gidan, a zaure yake zama, a miƙo masa kaya, a miƙo masa tuwo, ya shafa ciki ya fita.

Ranar Talata ya ji labarin Tasalla ta tafi biki ƙauye, sai gobe. Ya lallaɓa gidan, ya shige ɗakinta, ya ɗauko gwangwanin da take ajiye kayan aiki, da ledar ulu, da wani farin zomo da ta kusa gamawa, saura kunne ɗaya. Ya ce a ransa, shi ke nan, kunne ɗaya ne tsakanina da Kaduna. Ko buɗe gwangwanin bai yi ba. Allura ai allura ce, shekara talatin yana riƙe da ita.

Laraba ta yi. Hantsi ya dubi ludayi, kasuwa ta cika, aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya. Alhaji Maiwada ya zauna a kujera, 'yan kwamiti a gefensa, ɗayansu ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto mai motsi. Jama'a suka yi da'ira. Sai ga Haladu cikin rigar Kaduna, sitati na ƙara, ƙwaras-ƙwaras. Ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda na bayan kasuwa za su ji, ya buɗe gwangwani.

A ciki akwai wani guntun soso irin na katifa, da allurai guda huɗu dogaye, sirara. Ya ɗauki soson ya jujjuya, bai ga amfaninsa ba, ya goge gumi da shi ya ajiye a gefe.

To, bari in gaya muku abin da Haladu bai sani ba, ni ma sai daga baya aka nuna mini. Wannan aikin ba ɗinki ba ne. Allurar tana da 'yan tsage-tsage ƙanana a wajen bakinta. Ana ɗora ulu a kan soso, a yi ta caka masa ita, a soka a zare, a soka a zare. Tsagen nan su ke kama gashin su cusa shi cikin ɗan'uwansa, har ya dunƙule ya yi tauri ya ɗauki siffar da ake so. Babu zare a cikin aikin ko taƙi ɗaya. Saboda haka allurar ba ta da kafa, wato hudar nan da ake zura zare. Kanta a lanƙwashe yake kawai kamar kan sandar tsoho, don a ji daɗin riƙewa.

Haladu ya jawo zarensa na hula, ya gatsa, tsit. Ya lasa. Ya murza bakin zaren ya yi tsini. Ya ɗaga allura sama, ya kanne ido ɗaya.

Ya duba sama. Ya juya ya duba ƙasa. Ya sake juyawa.

"Rana ce ta yi yawa," in ji shi. Ya matsa cikin inuwa.

Ya sake lasar zare. Ya kai, zare ya wuce ta gefe. Ya kai, ya wuce ta ɗaya gefen.

"Inuwar nan ma ta cika duhu."

"Ko a sare maka tsamiyar?" in ji Ilu.

Aka yi 'yar dariya. Haladu ya ajiye ta farko ya ɗauki ta biyu. Ya hura mata iska, fu, fu, wai ko ƙura ce ta toshe. Ya ɗauki ta uku ya goga a gwiwa. Gumi ya fara bin sitatin riga.

"Alhaji, ɗan ara mini tabaranka. Nawa na bar shi a gida."

Haladu bai taɓa mallakar tabarau ba. Alhaji ya cire ya miƙa masa. Ya ɗora a hanci, duniya ta juya masa, allura ɗaya ta koma uku, kuma duk ukun babu mai kafa.

"Malam Haladu, lafiya dai?" in ji Alhaji.

"Lafiya lau. Gaggawa ce ba a yi wa aikin."

"In ara maka basillata?" Ilu ya ɗago ƙatuwar allurarsa ta ɗinkin fata. "Ita ko igiyar guga ka kawo za ta shiga."

Jama'a suka fashe. Haladu ya ga Kaduna tana nisa, tana nisa. Sai dabara ta zo masa. Ya ƙirƙiri tari, ƙoho-ƙoho, ya juya baya, ya rufa hannun babbar riga a kan hannuwansa. A cikin duhun rigar ya naɗa zaren a wuyan allura, daidai ƙarƙashin lanƙwasar, ya ƙulla tam. Ya juyo ya ɗaga ta sama, zare na reto.

"Alhamdu lillahi! Ta shiga!"

"Ta shiga?" in ji Alhaji.

"Tsaf. Kafar ce ƙarama ƙwarai. Da gangan maƙeran suke yin ta haka, don kada kowane kare da doki ya shigo sana'ar. Sai idon gwani."

'Yan kwamiti suka gyaɗa kai. Ilu ya miƙo hannu. "Mu gani."

"Ina idon baduku zai ga wannan? Koma ka zauna."

Ya ciro ɗan ulu fari, ya ɗora a kan zomo inda kunne zai zauna. Ya riƙe zomon a tafin hannunsa na hagu, ya saita, ya danna allura da ƙarfin mai ɗinkin hula. Ulu ba ƙyalle ba ne. Allura ta wuce zuruf, ta fita ta ƙeyar zomo, ta sauka a tsokar babban yatsa. Caf!

Idanun Haladu suka fito. Ya haɗiye ihun, aka ga wucewarsa a maƙogwaro.

"Haka ake yi," ya faɗa da wata siririyar murya. "Sai ta taɓa hannu ake sanin ta kai."

Ya zare yatsan, ya kama bakin allura zai jawo ta ta fita ɗaya gefen, yadda ake ɗinki. Lanƙwasar ta maƙale a goshin zomo. Ya ja. Ta ƙi. Ya cije leɓe, ya murɗa, ya fizga.

Ƙaras!

Rabi a hannunsa, rabi a kan zomo. Farin zomo ya yi jan hanci, farar riga ta yi ɗigo uku.

Sai aka ji murya daga bayan taro.

"Haladu! Ina gwangwanina?"

Tasalla ce. Ta dawo daga biki ta tarar da ɗakinta a birkice, maƙwabta suka ce ƙaninta suka gani da ƙunshi a hammata. Jama'a suka dare ta wuce, mayafi a kafaɗa.

"Yaya, sannu da hanya. Ki je gida, yanzu zan zo."

"In je gida? Wayyo allurata! Kai, ka san daga Kano ake kawo mini ita? Me ka yi wa zomona? Yanka shi ka yi?"

Sai a lokacin ta lura da manya. Ta rusuna. "Alhaji, ina kwana. A yi mini afuwa, raina ne ya ɓaci."

"Ba komai, baiwar Allah. Kayan naki ne?"

Ta zauna a bakin tabarma, ta ɗauki soson, ta shinshina, ta harari Haladu, ta juya ɗaya gefen. Ta cire guntun allurar daga kan zomo, ta tsince inda jini ya taɓa. Ta ɗora sabon ulu a kan soso, ta ɗauki allura ta huɗu.

Cak-cak-cak-cak-cak.

Hannun kamar kaza na tsattsagar gero. Ta juya ulun, cak-cak-cak. Ta ninke gefe, cak-cak-cak. Kafin mai waya ya gyara tsayuwa, ga kunne ya fito, dogo, da ɗan kwarminsa. Ta ɗora shi a kan zomo, ta caccaka gindinsa, ya tsaya cir. Ta ajiye zomon a gaban Alhaji, yana kallonsa da kunnuwa biyu.

Kasuwa ta ɗauki sowa. Haladu ya yi gyaran murya.

"Madalla, Yaya. Hannunki ya fara faɗawa. Alhaji, ni na koya mata, sai dai ita irin na mata na ɗora ta a kai."

Alhaji bai ko dube shi ba. Ya karɓi tabaransa ya mayar, ya sunkuyo. "Baiwar Allah, ban ga zarenki ba."

"Wane zare, Alhaji? Ba a sa zare. Allurar ma ba ta da kafa, haka aka ƙero ta."

"Ba ta da kafa?"

"Ko ɗaya. Ga ta, duba."

Alhaji ya duba, ya miƙa wa 'yan kwamiti, suka duba, aka miƙa wa Ilu, ya duba har da ɗagawa sama yana kanne ido.

"Ikon Allah," in ji Alhaji. "Amma yanzun nan ƙaninki ya zura mata zare a gabanmu. Har da hamdala."

Tasalla ta tsinci guntun da ya karye daga kan tabarma. Ta ɗaga shi da yatsu biyu, ga zare a ɗaure a wuyansa da ƙulli uku kamar an ɗaure akuya a turke. Ilu ya faɗi ƙasa yana dukan tabarma.

Alhaji ya ciro biro yana share hawayen dariya. "Yaya sunan naki, mu rubuta?"

"Tasalla." Ta tattara kayanta ta rufe gwangwani. Ta dubi ƙaninta, yana tsotson yatsa cikin rigar Kaduna, sannan ta dubi Alhaji.

"Amma Alhaji, in da wuri a motar, don Allah a tafi da shi. Zomon ulu kam ƙila a sami masu yi a Kaduna. Amma mutumin da ya zura zare a allurar da ba ta da kafa, wannan garinmu kaɗai ke da shi. A samar masa tebur kusa da nawa."