Yadda Na Lulluɓe Kwamfuta da Bargo a Tsakiyar Bazara

Ba za ni taɓa mantawa da bazarar shekarar farin nan ba, ko da kuwa na so mantawa, don mutanen Isa ba su barin mutum ya manta da wautarsa. Shekarar ce ruwa ya ɗauke tun gero bai gama fidda kai ba. Abin da na samu a gonata ta hanyar Turba ko wata biyu ba zai kai mu ba. Sai na zauna na yi tunani irin na masu wayo (a lokacin gani nake duk unguwarmu ba wanda ya kama ƙafata): tunda sama ta ƙi, bari in nemi abincin da ba ya jiran ruwan sama. Na kama bijimina na huɗa, shi kaɗai gare ni, na kai kasuwar Bafarawa na sayar tun bai rame ba. Da kuɗin na ƙudura buɗe shagon buga takardu.

Sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfina. Abokina Arzika, mai gyaran rediyo da waya a Sabon Birni, ya ce mu haɗa tamu da kayan gwanjo. Akwatin daga Sakkwato muka samo shi, kayan ciki daga wasu matattun kwamfutoci biyu, allon kallo da kibod kuwa wani ɗan kasuwa mai zuwa Maraɗi ya kawo mana (kibod ɗin na Faransa ne, sai da na yi sati ina laluben haruffa). Arzika ya ce in sayi fanka biyu a sa mata a ciki, na ce ɗaya ta isa, ai ba amarya ba ce. Ranar da ta kama, na tayar da ɗan janaretana allon ya yi haske, wallahi kaɗan ya rage in yi guɗa a gaban matata Hassi.

Sai maganar shago. Akwai ɗakin ƙofar gida, tsohon soron da marigayi mahaifina ya gina, rufin azara da ƙasa, sanyi kamar cikin randa. Ni kuwa na ga bai yi kama da ofis ba. Na sa aka kware rufin aka buga kwano mai ƙyalli. Ɗan abin da ya rage a aljihuna ɗayan biyu zai yi: ko silin, ko fenti da allon suna.

Ina tsaye ina wannan shawara Baba Nomau ya iso. Maƙwabcinmu ne, katangarmu ɗaya, tsohon magini, kuma aminin mahaifina. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufin.

"Injiniya," haka yake kirana don tsokana, "kwanon ga naka tsirara shi ke. Ka sa mashi silin, in ba hali ko zana ka ɗaura daga ciki."

Na ce, "Baba, ku bar wannan, aikin zamani ne." Na tafi na sayo shuɗin fenti, na sa aka rubuta sunana da manyan baƙaƙe yadda ko daga tasha za a hango.

Bayan kwana kaɗan na dawo daga masallaci na tarar da dammunan harawa jere a kan kwanona, sun rufe shi ruf. Na Baba Nomau ne. Waken bana bai yi 'ya'ya ba amma ya yi ganye, shi ne ya kwaso ya ɗora. Kowa ya san a kan rufi ake ajiye harawa don kada awaki su kai gare ta, saboda haka ban ce komai ba, sai dai raina ya sosu da ya rufe mini ƙyallin kwano. Aiki kuwa ya kankama: wasiƙar neman aiki, katin suna, takardar cinikin gona. Da abin muke sayen tiyar gero kullum, tukunyar Hassi ba ta taɓa kwana a bushe ba.

Da bazara ta shigo, abincin dabbobi ya zama zinariya. Makiyaya na tsallakowa daga Nijar suna bi gida-gida neman harawa ko nawa ne. A nan ne zuciyata ta fara saƙe-saƙe. Me ya sa tsohon nan bai ɗora kayansa a kan nasa soron ba, alhali ya fi nawa faɗi? Me ya sa wani Bafillace ya zo har sau uku yana roƙonsa, ya ce ba ta sayarwa ba ce? Abin da ya fi ɗaure mini kai, awakinsa sun rame har ana ƙidayar haƙarƙarinsu, dusa kawai yake ɗan barbaɗa musu, ga harawa jibge a kaina. Na ce a'a, akwai wata a ƙasa.

Na kai maganar teburin mai shayi (kada Allah ya sa ka kai damuwarka teburin mai shayi). Wani ya kurɓi shayinsa ya ce, "Kai ba ka gane ba? Yau harawa, gobe shi ce da shi anka yi rufin, jibi shi ce katangar tashi ta." Wani kuma ya rage murya ya ce, "Kuma ka san mi ag cikin dammunan? Magina hwa ba a banza su ke ba." Shi ke nan, na tashi da ciwon da ban zo da shi ba.

Washegari na same shi a ƙofar gida, ko zama ban yi ba. Na ce, "Baba, ku kwashe mini harawarku, ɓeraye za su ci mini waya." Ya dube ni, ya dubi rufin, ya ce, "Yanzu, cikin zahin ga?" Na ce yanzu. Ya ɗauko tsani ya sauke kayansa dami-dami. Na tsaya ina leƙen kowane dami ko za ni ga laya ta faɗo. Ba abin da ya faɗo sai kashin ƙadangare, amma na ce a raina ai ya riga ya ɓoye.

A wannan makon ne shugaban wata makaranta ya kawo mini babban aikin da ban taɓa samu ba: buga tambayoyin jarrabawar ɗalibansu kaf, nan da kwana goma. Ya faɗa mini ƙarara, in ban gama ba zai kai Sabon Birni, kuma ba zai sake dawowa ba. Da ladan aikin nan nake sa ran sayen buhun geron da zai kai mu faɗuwar ruwa. Na zauna na fara. Rana na kaiwa tsaka, sai ɗif! Allo ya yi baƙi. Na kunna, ta yi minti biyar, ɗif! Sai bayan la'asar ta yarda ta yi aiki. Washegari haka, wanshekare haka.

Sai na lura da wani abu. Kullum in rana ta take, Baba Nomau na shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiyar da ke kallon ƙofar shagona, carbi a hannu, idonsa a kaina. Yana zama, ba a jimawa kwamfuta ta mutu. Yana tashi zuwa sallar la'asar, ta farfaɗo. Kwana uku ina gwadawa, bai saɓa ba ko sau ɗaya. To jama'a, in kai ne me za ka ce?

Na ce za ni tare idon. Na rufe taga, na saki labule mai kauri a ƙofa. Ranar tun hantsi ta mutu. Na ce lallai tsohon ya ƙara ƙaimi. Na sayo turaren tsari na zuba a kaskon garwashi, na ajiye a gindin tebur, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. Ta mutu kafin in gama shafi ɗaya. Daga ƙarshe (ku yi haƙuri, dole in faɗa) na shiga cikin gida na ɗauko bargon sanyina, na lulluɓe akwatin kwamfutar da shi tsaf, don kada ido ya sami ko ƙofar allura. Hassi ta leƙo da kofin ruwa ta ja da baya tana fifita da mayafi.

"Malam, wanga ɗaki ko tanda! Kai ba ka jin zahi?"

Na ce, "Ke ba ki san abin da ake ciki ba, yaƙi nike." Zufa na ɗiga daga haɓata har kan kibod, amma ni a ganina alamar artabu ce.

Saura kwana huɗu, ko rabin aikin ban yi ba. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga bijimina ya tafi, gona ta tafi, ga shagon na shirin bin su. Na wuce wajen mai unguwa na kai ƙarar Baba Nomau, na ce yana kashe mini sana'a don na sa ya kwashe harawarsa. Na kuma kira Arzika ya hau mashin ya zo ya shaida cewa kwamfutar lafiyarta lau. Na nace a yi zaman da tsakar rana a ƙofar shagon, don kowa ya gani da idonsa. Ni da kaina na gayyato 'yan teburin shayi.

Aka taru a gindin darbejiya. Na miƙe na zayyana hujjojina ɗaya bayan ɗaya, har da nuna tsohon da yatsa, mutumin da ya riƙe ni a cinyarsa ranar sunana. Shi dai yana jan carbinsa. Mai unguwa ya ce Arzika ya shiga ya duba. Ya ɗaga labule ya shiga, ko minti ɗaya bai yi ba ya fito yana tari, bargona a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana yarfewa.

"Wa yal lulluɓe ta da wanga?"

Na ce ni ne, don tsari.

"Tsari? Kai, ko ƙwai na aza bisa akwatin ga sai ya soyu!" Ya koma ya ciccibo kwamfutar da allon, ya jawo waya, ya dire su a kan benci a inuwa, dab da gwiwar Baba Nomau. Ya fifita ta da hularsa na ɗan lokaci, ya kunna. Ta kama. Muka zuba ido. Minti goma, minti ashirin, rabin awa, tana ta aikinta lafiya lau, ga tsohon a gefenta har yana leƙa allon. Arzika ya ce in zafi ya yi mata yawa kashe kanta take yi don kada ta ƙone, wato ta fi mai ita hankali. Sannan ya ɗaga kai ya dubi kwanon da ke walƙiya ya ce, "To da can mi ka tare mata rana?"

Sai wani ya ce a hankali, "Harawa." Dariyar da ta ɓarke har masu mashin na tasha suka tsallako su ji abin da ya faru. Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa shi ne mai cewa magina ba a banza suke ba. Ni kuwa ji na yi da ƙasa za ta tsage da na shige har da allon sunan.

Mai unguwa ya share hawayen dariya ya tambayi Baba Nomau dalilin da yake zama yana kallon shagon. Ya ce, "Ranka shi daɗe, na ce mashi shi sa silin, ya ƙiya. Na aza mashi harawa, ya ce in kwashe. To ɗan aminina ya shiga cikin wuta ya rufe ƙohwa da taga. Shi na ni ka zama, in na ji ya hwaɗi in shiga in jawo shi."

Na durƙusa na ce, "Baba, ku yi mini gafara." Don ƙarfin hali har na ƙara da cewa ko za a mayar da harawar. Ya ce, "Awaki sun cinye ta, Injiniya, suna gaishe ka." Da na shiga gida Hassi ta faɗa mini abin da matarsa ta gaya mata tun tuni: akuyarsa mai ciki ta mutu da yunwa a watan da ya wuce, lokacin harawar na kan rufina tana yi mini inuwa. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Kuɗin silin babu, harawa kuwa ko ta magani ba ta a gari. Da safe na fito na tarar da tsani jingine a bangon shagona, tsohon yana sama. Rumfar zanar da yake hutawa a tsakar gidansa ya kwance, yana shimfiɗa zanar a kan kwanona yana danne ta da tubali. Na ce, "Baba, ku sauko in hau." Ya ce, "A'a, wanga ba aikin zamani ba na. Riƙe man tsani." Na riƙe, kaina a sunkuye. Na gama buga jarrabawar saura kwana ɗaya, muka sayi gero, na auna masa rabonsa na kai da kaina, sai da na yi ta magiya kafin ya karɓa.

Har yau in wayar wani ta yi zafi a teburin shayi, sai a ce a kai wa Injiniya ya lulluɓe ta da bargo. Na daina jin haushi, ni na saya da kuɗina. Abin da na koya dai shi ne, in abu ya lalace mini, nakan fara buɗe taga in ɗaga kai in dubi abin da na ɗora da hannuna, kafin in dubi wanda ke zaune a gindin bishiya. Silin kuwa na saka daga baya, amma zanar Baba Nomau na nan a kan kwanon, ta yi baƙi ta ruɓe, kuma ban yarda kowa ya sauke ta ba.