Jariri Ɗaya, Uwaye Shida

Ba zan taɓa mantawa da ranar da babban likita ya zo duba aikina a Gangara ba. Shekarun farko ne na samun 'yancin kai, ina sabon ma'aikacin lafiya, da farar riga da girman kai wanda ya fi rigar faɗi.

Aikina na ranar kasuwa shi ne auna nauyin jarirai, in rubuta, in aika Maradi, don a san ko yaran ƙauye na samun kulawa. Sai na ƙirƙiro dabarata: uwar da ɗanta ya yi nauyi in ba ta sabulu, wadda nata ya rame in wanke ta tas a gaban jama'a. (A lokacin ina kiran wannan wayar da kai.) Cikin wata uku ramammu suka ɓace. Na rubuta cewa an gama da tamowa a Gangara, har na ja layi a ƙarƙashi.

Takardar ce ta jawo babban likita, wani dattijo mara yawan magana. Ya zauna gefe, ni kuwa ina ta aiki, idona a kan allurar ma'auni kamar kullum. Mace ta miƙo yaro a zane, kilo tara. Ta gaba, kilo tara. Ina murmushi ina satar kallonsa.

Ashe tun a yaro na biyu likitan ya ɗiga shuɗin maganin miki a diddigensa. Da mace ta shida ta miƙo nata, ya ɗaga ƙafar ya nuna mini. Ga shuɗi. Yaron ma ya saba, yana ta ɓangala dariya.

"Wannan ɗan waye?" in ji shi.

Sai Inna Hajo, tsohuwar ungozoma, ta gyara zama. "Jikana ne, Likita. Aro suke, a bayan rumbu ake sauya mishi zane. Wa za ya kawo ɗanshi a zage shi gaban kasuwa? Marasa lahiyar na gida."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Wata uku ina auna ƙato ɗaya, ina biyan kuɗin hayarsa da sabulun gwamnati, yaran da aka turo ni dominsu kuwa na kwance a ɗaka. Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in ɗauki ma'aunin a ka, mu bi gida-gida. Muka samu ramammu har a gidan da na fi yabo, ɗaya sai da aka tafi da ita asibitin Agiye a motarsa. Ta rayu, alhamdu lillahi, ba da wayona ba.

Tun ranar nake duban fuskar yaro kafin allurar ma'auni. Jikan Inna Hajo ya yi furfura yanzu, amma duk inda muka haɗu sai ya ce, "Likita, yau ba awo?"