Kaskon Mai a Bakin Iyaka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zubar da baƙin man motar Alhaji Bello kaf a bakin iyakar Illela ba, da mahaifiyarsa a ciki, rabin gari na kallo. Ni na gyara motar. Ni kuma nake tuƙi.

Ni bakanike ne. Ban yi boko ba, a ƙarƙashin mota na girma. Lokacin da abin ya faru na shekara ashirin ina aiki, ba wanda ya taɓa dawo mini da mota yana ƙorafi. Wannan ba a tunawa da shi. Kasko ɗaya ake tunawa.

Alhaji Bello tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi ritaya ya dawo gida da tsohuwar motarsa, wadda ya saya tun kafin yaƙin basasa. Injinta ya mutu. Na ce ya sayar. Ya ce ba ya sayar da abin da ya kai mahaifinsa asibiti. Sai ya samo injin wata sabuwar mota da ta yi haɗari a hanyar Sakkwato, ya ce in ɗora.

Lokacin sojoji sun rufe iyaka kusan shekara biyu. Masu ƙafa suna bin daji su shiga Ƙonni, amma Inna, mahaifiyar Alhaji, ta tsufa, ba ta iya hawa babur. Ƙanwarta na can tana jinya. Kullum sai ta aiko a tambaye ni ko mota ta tashi, don ranar da aka buɗe hanya ba za ta kwana ba. Na aika mata cewa ni da hannuna zan kai ta.

Inji ya zauna, sai abu ɗaya. Akwai kasko a gindin kowane inji inda baƙin mai ke taruwa. Na sabon injin cikinsa a gaba yake, daidai inda wani ƙarfe ya gitta ƙarƙashin tsohuwar motar. Kasko ya hau ƙarfe, ya ƙi sauka. Na gwada na tsohon injin, ramukan noti ba su haɗu ba.

Ana haka Isufu ya biyo. Bakanike ne a Ƙonni, sa'ana ne, mun daɗe muna ƙwace wa juna masu mota. Ya ratso daji ya zo wani bikin suna, ya tsaya a garejina ba wanda ya kira shi. Ya leƙa.

“Abokina, ina da irin wanga kasko mai ciki a baya, da bututunshi. Yana rataye ga ƙusa. Aiko a ɗauko.”

Na ce, “Mi zan yi da shi? Mu nan ba mu jiran ƙusar kowa.”

Na kai wa mai walda kaskon sabon injin. Muka yanke cikin kaskon, muka mayar da shi baya, na ƙara wa bututun da ke zuƙo mai tsawo. Da na ga kaskon ya rage faɗi, sai na ƙara masa zurfi don ya ci mai yadda ya saba. (Har yau ina cewa dabara ce. Wanda ya fi ni ya zo ya faɗa.) Ya sauko ƙasa da ƙarfen da ya kamata ya kare shi, na gani. Na sa hannu na auna: dunƙule ɗaya da yatsa biyu tsakaninsa da ƙasa. Na zaga gari, na je Gidan Katta na dawo. Lafiya lau.

Ni kaɗai a ciki. Nan ne wautar.

Da aka buɗe iyaka, na sa farar rigata ta salla na je ƙofar Alhaji. Na zaci mutum uku ne. Inna ta shiga, Alhaji ya shiga, matansa da ƙannensa mata suka shiga, na ƙirga tara na daina. Aka sa buhun gero biyu da na albasa a but, aka ɗaure rago a sama. Shekara biyu ba a ga dangi ba, wa zai je hannu sake? Na ji mota ta durƙusa. Na sani a raina ya kamata in sauka in leƙa. Ban sauka ba, saboda rigar.

A bakin iyaka kamar ranar kasuwa. 'Yan canji da sefa a hannu, masu babura, jami'ai na nan da na can. Akwai wani bututun ƙarfe da aka binne a gicciye inda ake tsayawa, damina biyu ta cinye ƙasar gefensa, ya fito. Na hau shi a hankali.

Ƙwaram!

Na kashe inji nan take. (A rubuta wannan. Da wani ne, da ya ƙone shi.) Na fito, baƙin mai na malala kamar an kifar da tulu. Na shige ƙarƙashi da farar rigar, na danna babban yatsa a tsagar, mai na bin hannuna har hammata, da zafinsa. Ina ihu a kawo sabulu in toshe. Wani ɗan canji ya ce, “Sabulun na mota ne ko naka?” Aka kwashe da dariya.

Sai na ji muryar Inna daga taga.

“Bello, mi ya faru? Mun kai?”

“Ba mu kai ba, Inna. Kasko ya fashe.”

“Kasko? Ni da na bar tuya shekara goma, yau kasko za ya hana ni ganin 'yar'uwata? Kai yaro, hito in gan ka.”

Shekarata arba'in da biyar. Na fito. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, “Wanga ne ya ce da hannunshi zai kai ni?”

A cikin masu kallo daga can ɓangaren har da Isufu. Da ya zage ni da ya fi sauƙi. Tsugunnawa ya yi, ya leƙa, ya sa yatsa biyu tsakanin kasko da ƙasa, ya ɗago su sama kowa ya gani. Sannan ya je ya kawo akori-kurarsa, ya sa Inna a gaba, sauran da rago a baya. Ta ga ƙanwarta kafin azahar. Ni aka bari da mota da ƙudaje.

Washegari na taka har Ƙonni da ƙafata. Kaskon na nan a ƙusa. Ya sauko da shi, ya goge, ya miƙo mini da hannu biyu. Da na ɗaura wa motar, ya yi daidai, ko guduma ban ɗauka ba.

Abin da ke ƙona mini rai, tun daga ranar sunana ya ɓace. Mai Kasko. Har waɗanda ba a haifa ba lokacin haka suke kirana, har takardar ɗaurin aure haka ake aiko mini.

Ina nan a garejina na hanyar Ƙonni. Duk wanda ya kawo mota a canza mata inji, ba na auna komai sai ya tara iyalinsa sun shiga sun zauna. In yana da rago, a zo da shi.