Ranar da Na Yi wa Barikin Soja Faɗa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan ba. Akwai ni, da ɗiyata Hadiza, da mijinta Kofur Sani, da maƙwabciyarsu Maman Joy, sai sojoji da matansu birjik, duk shaidu a kaina.

Mu a Jibiya, in aka ce mace ta shiga bariki, an gama magana, ta lalace ke nan. Shi ya sa da aka turo Sani aikin boda aka ba su ɗaki a barikin soja, na yafa mayafina na tafi, da niyyar in ga abu ɗaya da bai yi mini ba in ɗauko ɗiyata. (Ni ce fa wadda yaran unguwa ke sauya hanya in sun hango ni.)

Na iske ɗaki tsaf, buta da darduma a mazauninsu, Maman Joy har ƙasa ta gaishe ni. Haushi ya kama ni, ban samu laifi ba.

Suna raka ni, na yi gaba, sai aka busa wani ƙaho. Nan take kowa ya ƙame. Mai tulu a ka ta tsaya, yara suka bar ƙwallo, duk fuskoki suna wajen da nake. Na ce yauwa, ga laifin: sun tsaya kallon tsohuwar ƙauye.

Na ratsa fili ina nuna su da yatsa. "Ba ku taɓa ganin mutum ba? Kai mai gashin baki, uwarka ba ta tsufa ba?"

Hadiza ta ce ta gefen baki, "Inna, don Allah tsaya."

Na ce, "Ke ma sun koya miki?"

Ashe tuta ake saukewa a bayana, kuma kullum haka suke tsayawa. Mai gashin bakin kuwa babbansu ne. Ni bai tanka mini ba, sai ya kira Sani. A wurinsu laifin baƙo na mai masauki ne, aka ce ya nome ciyawar filin kaf. Sani, bawan Allah, abin da ya ce mini kawai, "Inna, a sauka lafiya."

Na koyi cewa in jama'a suka yi tsit, ba lallai don ni ba ne.

Washegari da sassafe na saɓa fartanyata na koma. Sojan ƙofa ya ce, "Mama, ina zuwa?" Na ce aikin da bakina ya jawo zan yi. Muka duƙa ni da surukina har hantsi, ba mai kallon wani. Hadiza ta kawo mana kunu, na sha, na ce ta koma ɗakinta.